Kalsiyam na hawa, alkaliniti na sauka: yadda ake daidaita awon tankin murjani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Hanwa, nan Zariya. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300, wata tara ke nan da kafa shi. Akwai kifi huɗu da murjani masu rai, yawancinsu Montipora da Euphyllia, sai Acropora biyu da aka kawo mini daga Legas. Kullum ina zuba mililita 20 na ruwan kalsiyam da 20 na ruwan alkaliniti, wani abokina ne ya haɗa mini su. Tun shigowar hunturu, cikin mako uku, alkaliniti ya sauka daga 8.5 zuwa 6.2 dKH (ma'aunin alkaliniti ke nan), kalsiyam kuma ya hau daga 430 zuwa 470. Na ƙara duka biyun zuwa 30, abin da na gani kawai farin ɓawo a jikin famfo da hita. Ban taɓa auna magnesiyam ba. Yaya zan gyara? Kuma ko kanwa za ta iya maye gurbin ruwan alkaliniti, tunda tana da araha?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka tukuna. Kalsiyam 470 bai taɓa kashe murjani ba, kuma 6.2 ɗin da ya firgita ka bai yi nisa da na teku ba, domin ruwan teku kansa tsakanin 6.5 da 7 dKH yake. Abin da nake jin tsoro shi ne ka tashi cikin dare ka ce sai ka mayar da shi 8.5 kafin asuba. Murjani yana jure awon da bai cika ba na tsawon makonni, amma tsallen kwana ɗaya ne ke sa Acropora ya tuɓe fatarsa daga gindi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Bari mu fara da abin da ake nufi da alkaliniti, don na lura da yawa suna auna shi ba tare da sun san me suke aunawa ba. Ka ga yadda ake jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa ko tumatir don ta kashe tsami? To, alkaliniti shi ne yawan tsamin da ruwa zai iya kashewa kafin ƙarfinsa ya ƙare. A ruwan teku, baikabonet da kabonet ne ke ɗauke da kusan duk wannan ƙarfi. Kayan gwajinka ma abin da suke yi ke nan: kana ɗiga asid a hankali har launi ya juya, yawan ɗigon da ruwan ya shanye shi ne awon. Murjani kuwa yana ɗaukar wannan kabonet ya haɗa da kalsiyam ya gina ƙashinsa, wanda ake kira aragonait, ɗan'uwan alli da ɓawon ƙwai.

Inda lissafin yake shi ne nan, kuma idan ka riƙe shi, rabin tambayarka ta amsa kanta. Duk dKH ɗaya da murjani ya ci, kalsiyam ɗin da ke tafiya da shi kusan 7 ppm ne kacal (ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan). Ruwan teku yana da kalsiyam wajen 420 ppm, alkaliniti kuma wajen 7. Ko da murjani zai cinye alkalinitin tankinka kaf har ya koma sifili, kalsiyam 50 ppm kawai zai taɓa, saura 370 suna nan. Kamar gida ne mai rumbu da tulu. Tuwo yana bukatar hatsi da ruwa duka, amma rumbu sai ya yi watanni ba ka ga ya ragu ba, tulu kuwa kullum sai an je rijiya. Kalsiyam ne rumbun, alkaliniti ne tulun. Saboda haka mai lura da tanki tulu yake leƙawa kullum. Ƙari a kan haka, kayan gwajin kalsiyam na gida suna iya kuskuren 10 zuwa 20 ppm, wato kuskurensu ya kai ko ya fi abin da tankinka ke ci a kwana biyu. Wanda ke canza awon zubi saboda ya ga 430 jiya, 440 yau, inuwa yake bi.

Da a ce zubin naka ne kawai ya yi kaɗan, alkaliniti zai faɗi da 2.3 kamar yadda ka gani, kalsiyam kuma ya sauka da kamar 16 ppm. Amma naka hawa ya yi da 40. Wannan ya nuna akwai wani abu daban, kuma ina zargin abu uku.

Na farko gishiri. Muna cikin hunturu, iska ta bushe ƙayau, ruwa na tashi daga tanki fiye da kowane lokaci a shekara. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Idan ba ka cika abin da ya ƙafe daidai ba, gishirin ya tashi daga 35 zuwa 37 ppt (wato kashi cikin dubu), kalsiyam 430 zai koma sama da 450 ba tare da ka zuba komai ba. Ka duba rifraktomitarka, wato na'urar auna gishirin ruwa, ya kamata ta nuna 35 ppt, ko 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Kuma ka saita ta da ruwan saiti na 35, domin wadda aka saita da farin ruwa kaɗai takan yi ƙarya a wajen awon teku.

Na biyu, kuma shi na fi zargi, kwalaben abokinka. Kalsiyam kuloraid iri biyu ake sayarwa. Akwai mai ruwa a jikinsa, wanda kalsiyam ɗinsa kashi 27 cikin 100 ne, akwai busasshe mai kashi 36. Idan an bi ma'aunin da aka tsara don na farko amma aka auna na biyu, ruwan kalsiyam ya fi ƙarfi da kashi ɗaya cikin uku. Ta ɗaya ɓangaren kuma, bekin soda ba ya narkewa sosai. Lita ɗaya ba ta ɗaukar fiye da giram 96 a matsakaicin zafi, a sanyin asubahin Zariya na watan Janairu ma ba ta kai haka. Ɗaga kwalbar alkalinitinka ka duba gindinta. In ka ga farin gari ya kwanta, to abin da ya kamata ya shiga tanki ne ke kwance a wurin, kai kuma kana ɗibar ruwan sama. Kana zuba mililita daidai da daidai, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na uku naitiret. Kashin kifi da ragowar abinci idan suka rikiɗe suka zama naitiret suna cin alkaliniti, ba sa taɓa kalsiyam. Hawan naitiret da 50 ppm yana cinye kusan 2.3 dKH. Da kifi huɗu ba na jin shi ne babban mai laifi, amma ka auna.

Yanzu farin ɓawon nan. Ruwan teku dama yana ɗauke da kalsiyam da kabonet fiye da yadda ya kamata ya iya riƙewa, kullum a bakin daskarewa suke. Abin da ke hana su shi ne magnesiyam, wanda ke hawa kan ɗan ƙwayar allin da ya fara fitowa ya hana shi girma. Zafi kuma yana taimakon daskarewa, shi ya sa ɓawon ke fara fitowa a hita da cikin famfo, kamar yadda yake yi a gindin butar shayi. Da ka ƙara zubi zuwa 30, musamman in kana zuba su a wuri ɗaya ɗaya bayan ɗaya, sai suka haɗu da juna kafin su bazu, suka zama alli. Shi kuma sabon ɓawo yana jawo wani ya hau kansa. Haka mutum zai yi ta ƙara zubi, awo na ta sauka, yana tsammanin murjaninsa ne ke ci, alhali famfo yake ciyarwa. Na taɓa ganin tankin da yashin ƙasansa ya dunƙule ya zama kamar daɓen siminti ta wannan hanya. Don haka ka cire famfo da hita ka jiƙa su a ruwan binega ko sitirik asid na 'yan sa'o'i, ka goge, ka ɗauraye sosai.

Magnesiyam kuwa dole ka nemi abin gwajinsa, ko aro ne. Ana son sa tsakanin 1,250 da 1,350 ppm, wato kamar ninki uku na kalsiyam. Idan ya faɗi ƙasa da 1,200, duk abin da za ka zuba wahala ce kawai. Ɗaga shi yana cin kaya fiye da yadda mutane ke zato: a ruwa lita 250, ƙarin 100 ppm yana bukatar wajen giram 210 na magnesiyam kuloraid mai ruwa a jiki, ko giram 250 na gishirin Epsom da ake samu a kemis. Epsom shi kaɗai yana tara salfet in aka daɗe ana amfani da shi, amma gyara na sau ɗaya ba laifi. Ka raba shi, 50 ppm a rana ya isa.

Na ce lita 250 ba 300 ba, da gangan. Duwatsu da yashi sun ci wuri, kuma ba ka cika tankin har baki. Duk lissafin da zan ba ka a kan 250 na gina shi. Akwai hanyar tabbatarwa: giram 3 na bekin soda yana ɗaga lita 100 da dKH ɗaya. Ka auna alkaliniti, ka zuba adadin da ka sani, ka jira awa ɗaya ka sake aunawa. In ya hau fiye da lissafi, ruwanka bai kai 250 ba.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ajiye kwalbar kalsiyam gaba ɗaya. Ba sai ka canza ruwa don sauke shi ba, da kansa zai sauko. Ajiye ta alkaliniti ma, tunda ba mu san ƙarfinta ba. Ka sayi bekin soda na girki, ka nemi ƙaramin sikelin da ke auna giram, irin na masu sayar da zinari. Cokali ba ma'auni ba ne a wannan aiki. A tankinka giram 7.5 yana ba da dKH ɗaya. Abin da muke so shi ne awon ya riƙa hawa da rabin dKH a rana, kada ya wuce ɗaya ko ta halin ƙaƙa. Amma ka tuna murjani na ci yayin da kake zubawa, don haka fara da giram 8 a rana, narke a ruwa mai tsabta, rabi da safe rabi da yamma, a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Washegari ka auna, in hawan bai kai rabi ba ka ƙara kaɗan. Na zaɓi bekin soda don wannan gyara ne saboda ba ya tayar da pH, wato awon da ke sauka in tsamin ruwa ya ƙaru, don haka ba zai ƙara wa ɓawo ƙarfi ba. Cikin kwana huɗu zuwa shida za ka kai 8. Tsaya a nan. Kada ka nemi 10 ko 11 don ka ji wasu na yi. Tankin da naitiret da fosfet ɗinsa suka yi ƙasa sosai, idan alkaliniti ya yi sama, kan rassan Acropora yakan ƙone ya yi fari, ƙashi ya riga tsoka girma. Kuma mu da wuta ke yi wa wasa, 8 ta fi mana: akwai sarari sama, akwai sarari ƙasa.

A daidai wannan lokaci kalsiyam zai riƙa sauka da kamar 5 ppm a rana. Daga 470 zuwa 430 kwana takwas ne ko goma. Sau biyu a mako ya isa ka duba shi.

Sai babban aikin, wanda yawancin mutane ke tsallakewa: gano abin da tankin ke ci a rana. Da ka kai 8, ka auna da ƙarfe takwas na dare misali, ka daina zuba komai, ka sake aunawa gobe a daidai wannan lokaci. Lokacin yana da muhimmanci, saboda murjani ya fi ci da rana in fitila na kunne, awon safe da na dare ba sa zama ɗaya. In faɗuwar ba ta kai dKH ɗaya ba, ƙara kwana ɗaya ka raba biyu, zai fi ba ka gaskiya. Mu ce ka samu 8.0, sai 7.3, sai 6.6. Tankinka na cin 0.7 a rana ke nan. Wannan lamba ita ce zubinka na kullum. Abin da ka zuba don komawa 8 kuwa gyara ne na sau ɗaya, kada ka haɗa su. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ga awo ya yi ƙasa sai ya ninka zubin kullum, bayan mako ya wuce 11, ya firgita ya daina, ya faɗo 6. Haka tanki zai yi ta lilo, murjani na shan wahala.

Don zubin kullum ka haɗa naka ruwan da ka san ƙarfinsa. Wannan tsari na kwalba biyu ya yi kama da hanyar da wani Bajamushe, Hans-Werner Balling, ya bayyana a 1994, kuma masanin kimiyyar sinadarai Randy Holmes-Farley na Amurka ya yaɗa yadda ake haɗa shi a gida. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Kwalba ta ɗaya: giram 100 na soda ash, a cika da ruwa zuwa lita ɗaya. Kwalba ta biyu: giram 139 na kalsiyam kuloraid mai ruwa a jiki, ko 105 in busasshe ne, shi ma zuwa lita ɗaya. Waɗannan biyun sun dace da juna, mililita da mililita. A lita 250, mililita 47 na ta farko yana ba da dKH ɗaya, 47 na ta biyu yana ba da 7 ppm ɗin da ke tafiya da shi. Mai cin 0.7 a rana zai zuba 33 na kowacce. Wannan ƙarfin kuma ba ya daskarewa a sanyinmu. Ka lura kalsiyam kuloraid yana ɗumama ruwa in yana narkewa, musamman busasshen, ka zuba shi a ruwa kaɗan-kaɗan.

Game da soda ash, na san ana samunsa a Sabon Gari wajen masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa, amma ni ba na saye a can don tanki. Ba ka san me ya gauraya da shi ba, kuma a kanta ɗaya ake ajiye shi da kostik soda, dukansu farare, a leda marar suna. Ka yi naka. Baza giram 160 na bekin soda a faranti, ka sa a oben mai zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Celsius na awa ɗaya. Ruwa da iskar kabon za su fita, nauyin ya koma wajen 100, ya zama soda ash. Idan ka auna ka ga bai sauka haka ba, mayar da shi. Kuma ka karanta gwangwani da kyau: bekin soda daban, bekin foda daban. Bekin foda na ɗauke da sitaci da asid, sau da yawa har da fosfet, in ya shiga tanki gansakuka ce za ta gode maka.

Wanne za ka riƙe na dindindin, soda ash ko bekin soda? pH ne zai faɗa maka. Ana son sa tsakanin 7.9 da 8.3. A hunturu muna rufe tagogi saboda ƙura, ga girki da gas, ga mutane a ɗaki, iskar kabon na taruwa, ruwa na shanta, pH na sauka. In haka ne soda ash ya fi, don yana ɗaga shi. In kuwa pH ɗinka na kai 8.4 da yamma, ko ɓawo ya ƙi daina fitowa, zauna a kan bekin soda. Shi soda ash ka fi zuba shi da dare ko asuba lokacin da pH ke ƙasa, a raba shi kashi uku ko huɗu. Kalsiyam kuma a wani lokacin daban, aƙalla rabin awa tsakani, in da hali a wani gefen. Za ka ga ɗan farin hayaƙi inda soda ash ya sauka, ya watse cikin daƙiƙoƙi. Wannan ba komai. In ya ƙi watsewa, zubin ya yi yawa a lokaci ɗaya ko ruwan wurin ba ya gudu.

Daga nan sai saiti. Ka auna alkaliniti kullum na kwana biyar ba tare da ka taɓa zubi ba, ka rubuta a littafi. Idan a kwana biyar ya sauka da 0.5, gibin 0.1 ne a rana, wato ƙarin mililita 5 ga kowace kwalba. Ƙara, ka sake jira. Kada ka canza fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a lokaci ɗaya, kuma kada ka canza don awon kwana ɗaya. Alkaliniti ne ke jan ragama, kalsiyam na bin sa. Bayan wata ɗaya in ka ga kalsiyam na ɗan hawa, abu ne da aka sani, saboda magnesiyam na shiga wurinsa a ƙashin murjani da na gansakukar nan mai tauri launin shunayya. Rage kwalbarsa da kashi 5 zuwa 10. Ko'ina tsakanin 400 da 450 lafiya ne. Da zarar komai ya tsaya, awon alkaliniti sau biyu a mako, kalsiyam mako-mako, magnesiyam wata-wata. Ka sa ran bukatar za ta riƙa ƙaruwa, Montipora in ya kama girma ba ya wasa. In kuwa wata rana ka ga alkaliniti na hawa alhali ba ka ƙara komai ba, kada ka yi murna. Murjani ya daina ci ke nan, ka nemi abin da ke damunsa, zafi ne ko fitila ko wani abu.

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba, sai mu da ke nan. Shekarun baya na sayi famfon ɗigo, na jona shi da inbata, babban famfon da ke mayar da ruwa sama kuma na bar shi a wutar gari. Aka ɗauke wuta tun magariba. Famfon ɗigo ya ci gaba da aikinsa tsawon dare, yana zuba duka biyun a ƙaramin tankin ƙasa da ruwansa ke tsaye cik. Da wuta ta dawo da hantsi, tankin sama ya koma fari fat kamar an kwara nono. Na yi asarar Acropora uku. Tun ranar, famfon ɗigo da babban famfo layi ɗaya suke, in ɗaya ya tsaya ɗayan ma ya tsaya. Da hannu ma ƙa'idar ɗaya ce: ruwa ba ya gudu, ba a zubi. Ranar da fitila ta yini a kashe kuma, ka rage zubin, don cin ya ragu. Kuma kada ka rama bashin jiya a yau.

Wani zai ba ka shawarar ruwan kalsiyam haidiroksaid, wanda Jamusawa ke kira Kalkwasser, tunda shi kaɗai yana ba da kalsiyam da alkaliniti daidai gwargwado, yana kuma ɗaga pH. Abu ne mai kyau, amma yadda ake yawan amfani da shi, wato a cika duk ruwan da ya ƙafe da shi, bai dace da Zariya ba. Lita ɗaya ta ƙosasshensa tana ɗaga lita 250 da kusan rabin dKH. Nawa tankin a damina lita ɗaya da rabi yake rasawa a rana, a tsakiyar hunturu kuwa har biyar, haka ma a bazara in na kunna fanka a kan ruwa. Ka lissafa: 0.7 a watan Agusta, sama da 2 a Janairu, murjani kuwa bai san an canza yanayi ba. In za ka yi amfani da shi, ka tsayar da adadi ɗaya a rana, ɗigo-ɗigo da dare, sauran cikon da farin ruwa. pH ɗinsa ya haura 12, ka kiyaye idonka da hannun yara. Na'urar narkar da dutse da iskar kabon kuwa bar ta tukuna, tankinka bai kai ba, kuma tana son wutar da ba ta yankewa.

Ruwan cikon ma abin dubawa ne. Ruwan burtsatse da na rijiya suna zuwa da nasu kalsiyam da alkaliniti, wani har da naitiret da silika, kuma kowace unguwa da nata. Fiya wata ma an tace shi ne don sha, ba a cire ma'adinansa duka ba. Abin da tanki ke so shi ne ruwan matatar RO da DI, mai cire ma'adinan ruwa, wanda mitar TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ke nuna sifili ko kusa da shi. Haka kuma duk buhun gishiri sabo, ka haɗa kaɗan ka auna. Wasu kamfanoni nasu na fitowa da 7 ko 8, wasu 11 zuwa 12, kuma canjin ruwa kashi 20 da irin na biyun zai ɗaga maka tanki da kusan dKH ɗaya a take. Wannan awon yana kuma gwada maka kayan gwajin kansu. Salifert ne ko Red Sea ko Hanna, zafin Maris da Afrilu na lalata ruwan gwaji in an bar shi a taga ko a mota. Ka ajiye su a wuri mai sanyi da duhu, ka duba ranar ƙarewarsu. Tsarin kwalba biyu kuma yana barin gishirin girki a baya, sodiyam daga wannan, kuloraid daga wancan. A zubin mililita 33, kusan rabin ppt ne a wata. Ka riƙa ɗebe ɗan ruwan tanki kana mayar da fari, kana kuma canza kashi 10 duk mako biyu.

Saura kanwa. Tunaninka bai kauce ba ko kaɗan, domin asalin kanwa haɗin sodiyam kabonet ne da baikabonet, wato 'yar gida ɗaya ce da abin da ke kwalbarka. In ka zuba ta alkaliniti zai hau. Matsalar ita ce daga ƙasa ake haƙo ta, a yankin Tafkin Chadi da Nijar, tana zuwa da yashi da laka da gishiri da salfet, kuma ungurnu daban, jar kanwa daban, ko a buhu ɗaya wannan dunƙule bai yi daidai da wancan ba. Duk abin da na gaya maka a sama ya tsaya ne a kan sanin giram nawa ke ba da dKH nawa, da kanwa kuwa ba za ka taɓa sani ba. Ga kuma ƙarafan da ido ba ya gani, murjani kuwa ɗan jan ƙarfe kaɗan ya ishe shi mutuwa. A miya tana gyara, a tankin nan za ta zama kanwa uwar gami. Arahar ma ba ta taka kara ta karya ba: a cin 0.7, bekin soda giram 160 ne zai kai ka wata guda cur.

Bayan kwana goma ka turo mini shafin littafinka: alkaliniti na kowace rana da lokacin da ka auna, kalsiyam, magnesiyam, gishiri, naitiret, da pH na asuba da na yamma. Ka haɗa da hoton gindin kwalbar nan ta abokinka, ina son in ga ko garin ya kwanta.